Baturen da Ke Sauraron Zare

Ranar kasuwar Funtuwa, Lawal baduku yana ɗaga kai sai ga wani Bature mai furfura a bakin rumfarsa, yana ɗingishi. Damtsensa na dama ya kusa ninka na hagu, kamar na maƙeri. An ce daga ƙasar Sifen ya zo, yana koya wa 'yan makaranta ƙwallon tanis.

Ya miƙo raket, abin buga tanis na katako, wanda ragarsa ta tsinke, da ƙullin zaren kamun kifi. Lawal na saƙa zaren yana ja, Baturen kuwa yana buga ragar a tafin hannu, ya kara a kunne, ya girgiza kai. "Ƙara ja, Malam." Har sau bakwai.

A fatar mariƙin raket ɗin akwai sunan Baturen da shekarar 1961, gumin shekara ashirin ya kusa shafe su. Lawal ya ce a ransa, lallai hannun nan ya taɓa tayar da jama'a tsaye.

"Gobe za ka buga?"

"Ɗalibata Rahab za ta buga, a Kaduna. Cire fatar nan, Malam. Ɗinka sabuwa daidai hannunta."

Lawal ya daɗe riƙe da wuƙarsa kafin ya yanka fatar mai sunan.