Ɗinkin Goggo Tove

Goggona Tove Kragelund ta shekara ashirin da shida tana ɗinki a wata masana'anta da ke bayan garinmu, kusa da birnin Køge. 'Yar gajeruwa ce mai kaifin baki, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara a keke take zuwa aiki. Ba ta shan kofi sai an tashi daga aiki, don kada hannunta ya yi rawa.

Abin da take ɗinkawa wani bututu ne na yadi mai zobban waya. Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya takan tsage daga ciki, wani lokaci daidai inda ta lanƙwasa ta yi rassa uku zuwa kai da hannuwa. Likitoci sai su zura bututun ta jijiyar gindin cinya, su tura shi har wurin, ya buɗe ya rufe tsagar, ba tare da an fasa ƙirji ba. Da yake kowa da irin lanƙwasar tasa, sai an auna mutum a hoto an aiko da zane, Goggo ta duƙufa ƙarƙashin gilashin ƙara girma kwana da kwanaki tana bi da allura. Lamba kawai take gani a takarda. Ba ta taɓa sanin sunan ko mutum ɗaya da ta yi wa ɗinki ba.

Wata Alhamis aka ce tana da baƙi a ƙofa. Ta fito ta tarar da wani dogon tsoho da matarsa, yana rungume da ƙunshin bandar kifi. Sunansa Ejvind Mosgaard, tsohon makanikin jirgin ruwa daga tsibirin Bornholm, matar kuma Bodil. Shekarun baya, yana cikin haƙar dankali ciwon jijiyar ya fara kama shi, kamar an sara masa gatari a tsakanin kafaɗu. A lokacin aka buɗe masa ƙirji. Bayan shekara shida tsagar ta ƙaru, likitoci suka ce jikinsa ba zai ɗauki wani yankan ba, sai dai bututu. Mako bakwai ya yi yana jira, ko guga Bodil ba ta barinsa ya ɗaga. Aka sa masa, kwana shida ya koma gida da ƙafarsa. Tun daga nan yake damun masana'antar da wasiƙu, sai an nuna masa mai ɗinkin.

"Ke ce Tove?" in ji shi. "Na zaci kin fi haka girma."

"Ni kuma na zaci mai furfura ya fi haka hankali. Da wannan ƙarnin za ka shigo mana?"

"Bututu mai reshe uku, watan Maris na bara. An ce ke kika yi."

Goggo ta ƙura masa ido, can ta tafa hannu. "Au! Kai ne mai karkatacciyar jijiyar nan? Sau biyu ina warware reshen hagu saboda kai. Ka sha zagi, wallahi."

"Ai duk jikinsa haka yake, 'yar'uwa," in ji Bodil. "Shekara arba'in da tara ina fama, ban miƙar da shi ba."

Ejvind ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Sannan ya ajiye kifin, ya sunkuyo, ya kama yatsun Goggo biyu ya ɗora a gefen wuyansa. "To ji aikinki."

Jijiyar tana bugawa a hankali, da ƙarfinta. Hawaye suka zubo wa Goggo, ta ce ƙarnin kifin ne. Ranar ba ta iya zura zare a allura ba, shugabarsu ta ce ta tafi gida ta huta.

Shekara na zagayowa suka gayyace ta bikin cikarsu shekara hamsin da aure, ni na raka ta a jirgin ruwa. Aka zaunar da ita a babban tebur tsakanin 'ya'yansu, jikoki suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna leƙen hannunta. Da aka sa kiɗa, Ejvind ya yi rawar farko da Bodil, ta biyu ya jawo Goggo. Ina jin ta tana masa faɗa: "Kai, tsoho, a hankali! In ka yaga min ɗinki ba zan sake ba."

Bara ta ajiye aiki. Yanzu duk lokacin zafi takan yi mako biyu a Bornholm, a ɗakin da ke saman gidansu. Ejvind ya cika tamanin da ɗaya, ya koma gonar dankalinsa. Da yamma su uku suke karta a tsakar gida, shi yana rantsuwa cewa matan sun haɗa masa kai, su kuma ba su taɓa musantawa ba.