Mai Koriyar Taguwa

Ina saurayi ɗanye sa'ad da Turawa suka kafa kanti a Jega. Duk ranar kasuwa nakan koro jakin babana daga Aliero da kayan albasa. A nan na saba da kukun Baturen kantin, wani dattijo mai tsegumi. Cikin kowane kwalin sigarin maigidansa akwai 'yar takarda mai tauri da hoton mutum a jiki. Bature ya yar, kuku ya tsince, in ba shi albasa ya ba ni.

Hotunan na 'yan ƙwallon ƙasarsu ne, ni kuwa ko ƙwallon ban taɓa gani ba. Na dai ga ƙarti da gajeren wando sun harɗe hannu a ƙirji, masu jar taguwa suka kwanta mini a rai. Kuku ya ce kowace ƙungiya mutum goma sha ɗaya ce. Na rantse sai na haɗa nawa cif.

Na samu goma, daga nan abin ya cije. In na je da zumuɗi, sai kuku ya miƙo mini wani mai sanƙo da nake da irinsa har sun ishe ni. Na tsani mutumin nan kamar ya ci mini gona. Albasa tana ta raguwa a mangala, babana ya lura, na sha bulala, ban daddara ba. Wata rana aka ba ni wani daban, mai koriyar taguwa da hula, hannuwansa manya-manya kamar faifai. Haushi ya sa na cilla wa taubashina na Maiyama, wanda ya zo cin kasuwa. Ɗan kokawa ne, amma irin wanda kowa ke kayarwa.

Bayan damina na shimfiɗa goman nan gaban kuku ina ƙorafi. Ya dube su, ya ce, “Ina mai tsaron gidansu? Ai na ba ka shi.”

Na ce, “Baba, wane?”

“Mai hulla mana. Shi kaɗai ka saka taguwa daban, don a gane shi. Nasu na.”

Na ce, “To mi ya hana ka hwaɗa min tun rannan?”

“Ka tambaye ni?”

Ji na yi kamar in kifa masa tukunyar miya a ka. Na ce ya nemo mini wani, ya ce an yi wa maigidan canji, sabon kuwa lofe yake sha.

Washegari na kama hanyar Maiyama a ƙasa, ina tafe ina zagin kaina. Na iske taubashina a bakin fage yana ɗaura warki. Ya yi ƙiba, har da masu take masa baya. Na ce ya ba ni takardata. Ya bushe da dariya, ya nuna mini wata sabuwar laya a damtsensa. Wai da ya ga hannuwan mutumin, ya san duk wanda ya kama ba ya kuɓucewa, sai ya kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata.

Ya ce, “Tun da nis sa ta, bayana bai taɓa ƙasa ba.”

Na ce zan ba shi masu sanƙon nan duka, in ƙara da hulata. Ya ce ko jakin babana zan haɗa, ba ya farke ta. Na yi lallashi, na yi zagi, na ce safar hannu ce kawai mutumin ya sa, kuku ya gaya mini. Ya ce, “Bawana, zamna ka yi kallo.”

Na zauna, don ba ni da yadda zan yi. Aka buga ganga, na shiga roƙon Allah a zuci ya sa a tumurmusa shi, ko ya yi fushi ya tsinke layar ya yar. Kafin in gama addu'ar ya ɗaga abokin karawarsa ya nana da ƙasa. Fage ya kaure da sowa, ya zagayo ta gabana yana sumbatar damtsensa.