Kwikwiyo Mai Hujajjiyar Zuciya

Na sha wahala a kan kwikwiyon nan, wahalar da ko ɗan mutum bai taɓa ba ni ba.

Shekarun da aka fara shari'a ne, ina kiwon awaki a bayan gidana, kan hanyar Mai'adua. Aka sace mini akuya mai ciki, mutane suka ce in nemi kare. Aka kwatanta mini wani Alhaji a bayan tasha, wai yana haɗa karnukan Turawa da na gida. Na je. Kejin langa-langa ne a tsakiyar rana, wari ya hana numfashi. Karya guda ce, haƙarƙari a waje, nonuwa na jan ƙasa, sai wani ƙaton kare mai tsayayyun kunnuwa a ɗaure gefe. Alhaji ya cafko wani jan kwikwiyo ya miƙo mini.

"Ɗauki, na ba ka. In ya girma, ko kura ba ta raɓar garkenka."

Na yi ta zuba godiya.

Ba a jima ba na ga alama. Ya yi taku kaɗan, sai ya zauna yana haki. In ya sha kunu, sai tari. Ciki ya kumbura, ƙafafu kamar tsinke. Ran nan ya bi ɗan akuya da wasa, kawai ya kife, harshensa ya koma ruwan toka. Na kwara masa ruwan randa, da ƙyar ya farfaɗo.

Na saka shi a kwali, na ɗaure a bayan keke, sai asibitin dabbobi. Likitan, wani matashi ɗan Dutsi, ya ɗora masa abin saurare a ƙirji, ya daɗe, sannan ya sa mini a kunne. Ban ji bugawa ba. Wani shuu-shuu na ji, kamar zugazugin maƙeri ya yage.

"Malam, zuciyarsa a huje take, da ita aka haife shi. Ina ka samo shi?"

Na faɗa masa. Ya ja tsaki.

"Ba shi ne na farko daga can ba. Uwa da ɗanta yake haɗawa, wai don kada kunnuwan su kwanta. Magani kam babu a nan. Inuwa, sanyi, ban da gudu. Ko kuma ka kawo shi gobe in yi masa allura ya huta."

Daga nan gidan Alhaji na zarce. Na same shi yana cin goro.

"Alhaji, ka san abin da ka ba ni?"

"Kyauta ce fa, Malam! Kai shi bayan gari ka ajiye. In ta sake haihuwa ka zo ka zaɓa."

Na dubi karyar, ashe har ta ɗauki wani cikin.

"Ba ka tsoron Allah?"

"Kai da ke yawo da kare a kwali za ka yi mini wa'azi?"

Bayan gidana babu inuwa, rana ce tun hantsi har la'asar. Wuri mai sanyi ɗaya ne, gindin randa a zaure. Can na kwantar da shi. Uwargida ta fito ta gani.

"Malam, ko shi ko ni. Mala'ikun rahama za ka kore mana? Matar maƙwabci ta leƙo, daga bakin ƙofa ta juya. A wannan zamanin da kowa ya sa wa kowa ido?"

Ba ta yi ƙarya ba. Bayan La'asar na tsare Limamin unguwarmu, na zayyana masa komai.

"An yarda da kare don gadin dabbobi, ko gona, ko farauta," in ji shi. "Naka yana gadi?"

"Allah gafarta Malam, haushi ma ba ya iyawa. In ya gwada sai ya suma."

"To, ba karen gadi ba ne."

"In yar da shi ke nan?"

"A'a. Rai ne. Wanda ya yar da shi ƙishi ya kashe shi, sai an tambaye shi."

"Allurar fa?"

Ya shafa gemu, ya ce zai duba.

Na kama hanyar gida. Gida ba dama, daji ba dama, allura kuma ba zan iya ba. Na tarar an fitar da shi bayan gida, yana kwance jikin katanga mai zafi, haƙarƙarinsa na hawa da sauka. Ya gan ni, ya kaɗa wutsiya, tashi ya gagara. Na zauna a ƙasa, na cire hula ina yi masa fifita. Masu tafiya Magariba suna wucewa suna kallona, wani har ya ce, "Malam, an yi baƙo ne?" Na ci gaba da fifita.

Washegari da na idar da Asuba ban nufi asibiti ba. Na ɗauki diga, na haƙa rami a cikin garken awaki, na cika shi da yashi, na jiƙa sharkaf. Na kafa itatuwa na rufa zana a sama. Sai na jawo babbar akuyata na ɗaure ta a bakin rumfar, don duk mai leƙowa ya ga kare a bakin aikinsa. Na kwantar da shi a kan yashin, na ɗauki bokiti na tafi ƙaro ruwa.