Tukunyar da Ba a Leƙawa

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke mana, gero yana tsakiyar fitar da kai, ina ɗan shekara tara a wata ruga kusa da Zoza. Kakarmu Inna Dije takan hura wuta a ƙofar ɗakinta bayan magariba, mu zagaye ta. Ni take fara tsokana: "Matso, mijin banza, ko cefane ba ka iya ba."

A lokacin mutane suna ta gangarowa daga arewa, yunwa ta koro su. Duk wanda ya yi sallama, Inna sai ta zuba masa tuwo. Baffa, babban ɗanta, wanda rumbu ke hannunsa, ya ce a daina, domin hatsin ba zai kai mu kaka ba. Ya fara auna wa mata da tiya, yana share bakinta da hannu.

Ranar da ya fara awon, Inna ta ɗaga murya yadda zai ji daga shimfiɗarsa. Ta ce tatsuniyar yau ba ta Gizo ba ce, ta samo ta ne daga matar wani malamin makaranta Ba'indiye da take kai wa nono a Karaye. Matar ta ce a wajensu cikar Ubangiji ko an ɗiba tana nan a cike, kuma ciyar da baƙo ibada ne.

"Ku buɗe kunne, ga ta nan tafe," in ji Inna. Wai wata tsohuwa ce a can ƙasar aka ba ta tukunyar shinkafa, da sharaɗi ɗaya: ta riƙa ɗiba, kada ta leƙa. Ta ciyar da gari guda shekara bakwai. Sai ɗanta mai wayo ya ce bari dai ya ga saura nawa. Yana ɗaga murfi ya tarar da ƙwaya uku, kuma daga ranar ƙwaya ukun ce kawai a ciki.

Baffa ya yi gyaran murya. "Inna, tatsuniya ba ta cika rumbu."

Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai, da tiya na shayar da kai?"

Washegari ta karɓi awonta daban, ta ci gaba da ciyar da baƙi. Zan yi ƙarya in na ce hatsi bai ƙare ba. Ya ƙare ƙaf, saura wata biyu a yi girbi. Muka koma kwaɗon tafasa da rama, na yi kuka har na gaji, na kuma ji haushinta ƙwarai. Baffa ya kira ta ya nuna mata rumbu wayam. Ko kallon ciki ba ta yi ba. Ta sa aka kora saniyarta ɗaya tilo, gadon mahaifiyarta, zuwa kasuwar Rogo, aka dawo da dawa. A daren ta ɗora tukunya biyu, ɗaya tamu, ɗaya ta baƙi.

Na daɗe ina ganin Baffa ne mai gaskiya, kuma ta wajen lissafi har yau shi ne. Sai da na girma na ga mutane masu rumbu goma suna korar mai sallama, na gane abin da Inna take ƙi. Ba ta yarda yunwa ta koya mana rowa ba. Ran nan ɗana ya ce in rage masu cin abinci a zaurena, kaya sun yi tsada. Na ba shi amsar da ta ba Baffa a bakin rumbu: "Hatsi ne ya ƙare, ni ban ƙare ba."