Tagar Goggo Ulamila

Goggo Ulamila ƙanwar mahaifina ce. Gidanta ne na ƙarshe a ƙauyenmu, can saman tudu, a gefen tsibirin Kadavu na ƙasar Fiji da jirgin ruwa ke zuwa sau ɗaya a mako. Marigayi mijinta ya gina shi a can ne don ba ya shiri da kowa, kuma an daɗe babu mai hawa sai da dalili.

Wata rana tana kankare kwakwa a madafi, sai tsohuwar wayar da 'yarta Mereoni ta bar mata ta yi ƙara a bakin taga. Ashe sabis yana tsallako teku daga wani ƙarfe mai nisa, ya faɗo daidai wannan taga. Sanda ɗaya ce ke fitowa a fuskar wayar, in gari ya yi wasai biyu. Ka matsa taku uku ya ɗauke.

Shekara bakwai Goggo ta yi tana shan sharafinta. Duk mai ɗa a Suva babban birni ko mai miji a gonakin Ostireliya sai ya hau tudun nan. Ba ta karɓar ko kwabo, amma wa zai je hannu rabbana? Wannan ya riƙo kifi, wancan gwaza, wata ta zo da gasasshen rogo. Ita kuwa tana zaune kan tabarma tana saƙa, kunnenta na bakin taga. Cikin wance, korar wane daga aiki, duk ita ke fara ji. Har fasto sai ya cire takalmi ya yi sallama a ƙofar madafinta.

Sai Apenisa, ɗan Salanieta, da ke aiki a mayanka a Queensland ta Ostireliya, ya aiko wa uwarsa farin faranti mai kama intanet daga tauraron ɗan'adam, haɗe da sola. Salanieta sa'ar Goggo ce. Tun suna 'yanmata a ƙungiyar waƙar coci suke jayayya a kan wadda ta fi murya. Aka kafa farantin a kan rufinta, a tsakiyar gari, dab da bakin ruwa. Kafin Lahadi biyu hanyar tudu ta fara ciyawa.

Na hau na same ta a bakin tagar, tana leƙen gidan Salanieta.

Ta ce, "Goma sha huɗu. Na ƙirga su. Har da Tomasi, wanda ya yi kuka a nan ranar da matarsa ta ce ba za ta dawo ba. Ni na ba shi shayi."

Na ce, "Goggo, can ana ganin fuskar mutum ne."

"Fuskar Tomasi abin gani ce? Ke ma can kika fito, ko? Ina jin ƙamshin man kwakwarta a jikinki."

Ban musa ba.

Daga nan ta shiga yaɗa cewa farantin yana hana kaji ƙwai. Da kajin Salanieta suka ƙyanƙyashe tara, sai ta koma cewa yana kore kifi daga gaɓa. Ta kai ƙara wajen mai gari cewa matasa sun daina zuwa koyon waƙa. Mai gari ya saurare ta da kyau, ya ce zai duba, amma da ta juyo daga baya sai ta hango shi ya nufi barandar Salanieta da wayarsa a hannu. Ranar ko tukunya ba ta ɗora ba.

Da Mereoni ta haihu a Sydney, ta kira wayar bakin taga, murya na yankewa. Ta ce, "Inna, ki sauka gidan Goggo Sala ki ga jikanki mana."

Goggo ta ce, "Kwatanta min shi."

Kwana biyar ta daure. A na shida ta ɗaura zanen coci ta sauka. Salanieta ta tarbe ta da fara'a har kunne.

"Lale da mutanen sama! Yau an tuna da mu talakawa? Kawo wayar in sa miki lambar sirri."

"Ni ba zama na zo yi ba."

Ta ga jaririn, ta yi hawaye, ta sa masa albarka. Amma a hanyar komawa ba zancensa ta yi min ba. Cewa ta yi, "Kin ga kwandon kifin da ke bayan ƙofarta? Saƙar uwar Tomasi ce. Rabona ne wannan kwandon, da can ni ake kawo wa."

Bayan shekara guda kamfanin waya ya zo da jirgin kaya, suka kafa dogon ƙarfen sabis a bayan makaranta. Kowa ya koma kira daga ɗakinsa, wasu ma daga cikin kwalekwale. Barandar Salanieta ta zama wayam.

Goggo ta yi wanka, ta soka fure a gashi, ta cika kwando da gwaza, ta ce min za ta je yi wa Salanieta jaje. Tana sauka tana 'yar waƙa. Ba ta jima ba sai ga ta ta dawo, fuska a murtuke, ta zauna daɓas a kan tabarma.

Na ce, "Lafiya, Goggo?"

Ta ce, "Na same ta ta miƙe ƙafa tana dariya da jikokinta a waya. Wai ta huta da shara da dafa shayi. Wai dama sun ishe ta." Ta fizge furen ta jefar. "Ni wata uku na yi abinci ba ya min daɗi, har zanena ya daina zama. Ita kuwa, ki je ki gani da idonki, ƙiba ma ta ƙara."