Ƙarshen Kaset ɗin Bikin Suwaiba

Wata rana na je wani ƙaramin shago a Tudun Wadan Zariya, inda ake juye tsofaffin kaset-kaset na bidiyo zuwa filashi.

Kaset ɗin sunan ɗana na kai. Ya daɗe a ƙasan akwati, ina tsoron kada ya lalace.

Mai shagon, Malam Sallau, ya ce in ɗan jira, akwai wata a gabana.

Matar za ta yi sa'ata, sanye da hijabi ruwan toka. An gama juye nata, amma ba ta tashi ba. Ta zuba wa talabijin ɗin shagon ido, bikin da ke cikin kaset ɗinta yana ta gudana.

Ni ba mai shiga sha'anin mutane ba ce. Amma wanda ya ga bidiyon biki na wancan zamani, da wuya ya kau da kai.

Ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓo rufi. Hoda ta yi wa fuskoki fari fat. Kwanan wata yana ta ƙyafta ido a gefen hoton. Duk wadda kyamara ta juyo kanta sai ta daina tauna, ta gyara zama, ta ƙame kamar za a yi mata hoton fasfo.

Malam Sallau ya ce, "Hajiya, waccan mai jan leshin da ke ɓoye cinyar kaza a bayanta, ba ke ba ce?"

Ta yi dariya har da rufe baki. "Ni ce, Malam. Kuma ba guda ɗaya na ɓoye ba."

Can ta hango kwamfuta a jakata.

"Don Allah Hajiya, kin iya tura abu ta imel? Ina da shi a da, amma na manta lambar sirrin."

Na ce na iya. Na tambaye ta me ya hana ta tura ta waya, kamar yadda kowa yake yi.

Sai ta gaya min.

Amaryar cikin bidiyon yayarta ce, Suwaiba. Tana aikin jinya a Ingila. Ita ce 'yar fari a gidansu.

Mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, mace ce mai tsananin kara. Ba ta taɓa kiran sunan Suwaiba ba. Sai dai "waccan", ko "yarinyar nan". Ba ta taɓa yabonta a gaban mutane ba. Ranar bikinta ma ba ta fito rakiya ko ƙofar ɗaki ba.

Ta ce, "Yaya ta san al'ada ce. Amma sani bai hana ta jin ciwo ba."

Da mahaifinsu ya rasu, Suwaiba ta kira ta ce za ta taho. Inna ta ce, "Ku gaya wa waccan ta yi zamanta, hanya da nisa."

Inna wahalar tafiya take tausaya mata.

Suwaiba kuwa ji ta yi an ce ba a bukatarta.

Tun daga nan ta fice daga zauren WhatsApp na gida, ta canza lamba. Adireshin imel ɗinta kaɗai ya rage a hannun ƙanwarta.

Yanzu Inna tana kwance. Likita ya fara yi musu magana a hankali, irin wadda kowa ya san ma'anarta. Duk lokacin da aka yi sallama a zaure, Inna sai ta juya kai ta kalli ƙofa. Ba ta tambayi kowa ba. Ba za ta tambaya ba.

Matar ta ce, "Na rubuta wa Yaya tun kafin in manta lambar sirrin, ba amsa. Shi ne na ce bari in tura mata bikinta. Ko ta ga gidan, ta ga Baba da ransa, zuciyarta ta yi sanyi."

Na saka filashin a kwamfutata, na buɗe imel ɗina, muka gwada.

Ya ƙi. Bidiyon ya yi nauyi da yawa.

Na ce ana iya ɗora shi a wani wuri, a tura mata adireshin da za ta latsa ta kalla.

Ta girgiza kai. "Yaya ba za ta latsa komai daga hannun wadda ba ta sani ba. Sai dai ta gan shi a cikin saƙon, ɗan gajere."

To, sai a yanka.

Muka fara zaɓe. Wurin kamu, ta ce akwai Gwaggo a ciki, ba a cire shi. Wurin da Baba yake yi wa amarya nasiha, ta ce shi ne ma gaba da komai. Duk inda na nuna sai ta ce a bar shi.

Na ja zuwa ƙarshe. Bayan motar amarya ta tashi, hoton ya karkace. Ba komai sai gefen gadon ƙarfe da jeren samira, a kwance, kamar an kifar da ɗakin.

Ta ce, "Nan ɗakin Inna ne. Kawu Ilu ne ya ɗauki bidiyon. Da aka kira magariba ya ajiye kyamarar a kan kabad, ya manta bai kashe ba. Kullum a nan muke cire kaset ɗin. Yanke shi."

Na ɗora hannu zan yanke. Amma ɗabi'ata ce, ba na goge abin da ban gani ba. Na bar shi ya ɗan ci gaba.

Samira. Gado. Kiran salla daga nesa.

Sai ƙarar labule.

Wata mata ta shigo ta zauna a bakin gadon. Ba a ganin fuskarta, daga kafaɗa zuwa ƙasa kawai. A hannunta akwai wani tsohon kallabi na makaranta. Tana ninke shi, tana warwarewa, tana sake ninkewa.

Malam Sallau ya miƙa hannu ya kashe fanka.

Muryar ta fito can ƙasa-ƙasa.

"Suwaiba."

Ta sake ninke kallabin.

"Suwaibata. Kin tafi ko abinci ba ki ci ba."

Daga nan sai kuka, irin wanda ake toshe wa baki da gefen zane.

Matar da ke kusa da ni ta kama hannuna ta riƙe gam. Ban san ta ba, ba ta san ni ba. Muka zauna haka har hoton ya koma yayyafi.

Na ce, "Wanne zan tura?"

"Idan Inna ta ji na tura wannan, ba za ta ƙara haɗa ido da ni ba."

"In bari?"

Ta share fuska da hijabinta.

"Yanke bikin duka, Hajiya. Wannan kaɗai."

Wannan karon imel bai yi gardama ba. Ya ɗauka, ya tafi.

A jikin saƙon layi ɗaya ta ce in rubuta: "Yaya, ni ce Barira. Ki ƙara sauti."

Sai a lokacin na san sunanta.

Muka yi musayar lamba, ta yi godiya, ta tafi. Malam Sallau ya karɓi nawa kaset ɗin. Sai da ya saka shi sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ni ma ɗan fari ne."

Kwanaki suka wuce. Kullum da safe, kafin in duba saƙonnin aiki, sai in duba ko akwai amsa. Babu. Har na fara tunanin ko saƙon ya faɗa cikin tarkacen da ba a buɗewa.

Ranar wata Juma'a, ina shirin rufe kwamfuta, sai ga amsar Suwaiba.

"Assalamu alaikum. Ban san ki ba, amma na gode. Ki gaya wa Barira ina hanya. Kada ta gaya wa Inna na gani."

Na karanta, na sake karantawa, sannan na kira Barira.

Daga baya ta ba ni labarin isowar. Suwaiba ta yi sallama, ta durƙusa a gefen gado. Inna ta juya kai ta kalli bango, kamar yadda ta saba.

Sannan ta ce, "Barira, ki zuba wa waccan abinci."

Suwaiba ta cinye tas, har ta nemi ƙari.

Inna ta rasu kafin azumi, kanta a kan cinyar 'yar farinta. Allah ya jiƙanta da rahama. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta san kyamarar Kawu Ilu tana kunne ba.

Ni ma na zauna na kalli nawa bidiyon har ƙarshe. Ban samu wani abin mamaki ba. Tabarmi ne ake naɗewa, da muryar mahaifiyata daga bayan kyamara tana faɗa a kan wanda ya bar tukunyar kunu a buɗe.

Na manta yadda take jan ƙarshen magana idan ranta ya ɓaci.

Na yanke wurin na tura wa ƙannena ta imel. Babu wanda bai kira ni ba a ranar.

Darasi: Iyayenmu da yawa sun so mu a inda ba ma kallo. Kada ka auna son mahaifiyarka da abin da ta faɗa a gaban jama'a. Kuma idan kana da tsohon kaset a ƙasan akwati, ka fito da shi tun bai lalace ba, ka kalle shi har ƙarshe, ka tura wa wanda ya yi nisa da gida.

Idan ka san wani ɗan fari ko wata 'yar fari da ke riƙe da irin wannan ciwo, don Allah ka isar masa da wannan labari.