Jirgin da Ba Zai Kai Kaka Gida Ba

Ranar Asabar da ta wuce na kai motata gareji a juye mata mai. Ina tsaye a bakin ƙofa, hannuwana cikin aljihu saboda sanyi, sai warin baƙin mai ya daki hancina. Wasu idan sun tuna kakanninsu turaren wuta suke ji, ko ƙamshin man shanu. Ni kuwa baƙin mai ne ke dawo mini da nawa kakan, shi da wani tsohon Bature da wani ɗan jirgin sama na roba, shuɗi. Zan ba ka labarin, amma tun yanzu ina gaya maka ba mai daɗi ba ne.

A University Heights aka haife ni, nan Bronx a birnin New York, a wani dogon gida da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Mu can sama muke. Abba tasi yake ja, Umma kuma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ina 'yar firamare Abba ya ɗauko mahaifinsa daga gida don a duba masa ƙafafunsa da ke kumbura. Da 'yar jaka ɗaya Kaka ya zo, ya bar wa mutanen gida sallahu cewa kafin girbi ya dawo. Da likitoci suka duba sai suka ce ƙodojinsa duka biyu sun gaza, sai wankin ƙoda, yau a je gobe a huta, har iya rayuwa. A garinmu kuwa ko labarin wannan injin ba a taɓa ji ba. Duk lokacin da Kaka ya ta da zancen komawa, Abba zai ce, “Baba, bari dai ka ƙara jin sauƙi.” Ana haka har zuciyarsa ta yi rauni, likitoci suka ce doguwar tafiya a jirgi ma ta haramta gare shi.

Kaka tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigilar gyaɗa da shanu tsakanin Kano da Ikko, tun zamanin da ake auna hanya da mil. Amarya yake ce mini. Ina jin Hausa sarai, amma da Turanci nake mayar masa, shi kuwa ba ya gajiya da tsiya a kan haka. Yakan ce wa baƙi an cuce shi, an ba shi mata mai bakin 'yan sandan kan hanya. Da hunturu yakan zauna a bakin taga cikin bargo, bututun ɗumama ɗaki yana ta huci a gefensa, yana sauraron motocin da ke hawa tudun layinmu. Ba ya ko leƙawa. Da kunne kawai zai ce wancan direban mugu ne, zai kashe wa mai mota kuloci kafin shekara.

Abin da ke cin ransa kuwa, kowa a gidan ya sani. Wani ɗan garinmu ya rasu a Harlem, 'yan uwansa suka dage sai an kai shi gida. Aka yi kwanaki ana abu ɗaya. Aka zuƙe masa jini aka ɗura magani, aka rufe shi a akwati, aka sa shi a cikin jirgi wajen da ake zuba kayan fasinja. Kaka ya dawo daga wajen addu'ar bai ci abinci ba. Ya kira Abba ya ce abu biyu yake so a yi masa. Na farko, kada a taɓa jikinsa, kada kuma a ajiye shi ya kwana, a yi masa yadda ake yi a gida, inda mutum kan cika da safe kafin azahar yana gidansa na gaskiya. Na biyu, a kwantar da shi a ƙasar garinsu, kusa da iyayensa da matarsa. Abba ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya ja kwana, Baba.” Ko ni da nake yarinya na gane wannan ba amsa ba ce, don abubuwan nan biyu ba sa haɗuwa ga wanda ya mutu a New York.

Wata rana da bazara, mun dawo daga asibiti lif ya ƙi, muka kama matakala. A hawa na biyu numfashin Kaka ya ƙare, ya zauna. Ƙofar da ke kallonmu a buɗe take saboda zafi, warin baƙin mai yana fitowa. Kaka ya ɗaga hanci kamar wanda ya ji ana suya. Mai ɗakin wani tsohon Bature ne, irin waɗanda suka rage a unguwar tun kafin zuwanmu, ba mata ba ɗa, sai tarkacen injuna a kan teburin cin abinci. Ya fito da kujera da ruwa. Daga ranar, in dai Kaka yana da ƙarfi, to a ɗakin nan za ka same shi. Makaniki yake kiransa. Ni ce tafinta, ko da yake rabin hirar ba sa bukatata. Ɗaya zai kwaikwayi kukan inji da baki, ɗayan ya girgiza kai ya gyara masa, su fashe da dariya har tari ya sarƙe su.

A tsakiyar ɗakin, ɗan jirgin roban nan yake rataye da zare. Shuɗi ne mai duhu, da doguwar ƙirar hanci da ƙatuwar farfela, fukafukansa kuma a lanƙwashe, sun sauka sannan suka ɗaga. Makaniki ya ce a lokacin babban yaƙin duniya yana saurayi, aikinsa ke nan, gyaran irin wannan jirgin a kan wani makeken jirgin ruwa da jiragen sama ke tashi da sauka a bayansa. Kaka ya daɗe yana zagaya shi da ido. Tambayar direba ɗaya ce, ita ya yi.

“Amarya, tambaye shi, nawa yake gudu in an taka shi ƙarshe?”

Makaniki ya ce ya haura mil ɗari huɗu a awa.

“A awa ɗaya? Sake tambayarsa dai, kada Turancin naki ya zama na ƙarya.”

Na sake, amsar ba ta canza ba. Kaka ya riƙe baki. Ya ce tasa motar sai a gangara take taɓa sittin, shi ma sai da addu'a da yaron mota riƙe da waigi. Ya ce wannan ai Kano zuwa Ikko ne kafin wake ya nuna. Tun daga ranar ya canza. Ya fara cin tuwo da kyau, har Umma ta yi ta hamdala. Duk baƙon da ya zo gaishe shi sai ya sha labarin mil ɗari huɗu. Na ɗauka son inji ne kawai irin na tsofaffin direbobi, ban san lissafi yake yi a ransa ba.

Sai da ganye ya fara zuba, sanyi ya fara shigowa, sannan ya fito da abin. Muna zaune a ɗakin Makaniki da hantsi, ya ce in buɗe kunnena da kyau, kada in rage kada in ƙara. Ya ce babban jirgin da ya kawo shi kamar bas ne, yana da tasha, yana da ranar tashi, sai ya cika, kuma masu shi ke da doka. Wannan ƙaramin kuwa ai na shata ne. Ka biya direba, ya ɗauke ka kai kaɗai, ba tsayawa.

“Tambaye shi, har yanzu akwai masu tashi?”

Makaniki ya ce akwai 'yan kaɗan a hannun masu kuɗi, suna wasa da su.

“To madalla. In mutum ya tashi daga nan bayan asuba, zai isa gida kafin magariba?” Sannan ya ƙara da cewa, “Mutum a kwance fa.”

Na juya maganar yadda ya faɗe ta, ban fahimci komai ba. Makaniki ne ya riga ni ganewa. Ya ajiye sukudireban da ke hannunsa, ya goge yatsunsa a tsumma ɗaya bayan ɗaya, ya ja kujerarsa ya matso kusa da Kaka. Bai yi masa ƙarya ba, har yau kuma ban san ko in gode masa ko in ji haushinsa ba. Ya ce wancan gudun da ake faɗa, can ƙololuwar sama ake samunsa, da sabon jirgi mara kaya, na ɗan lokaci kaɗan. In ka matsa masa haka, mai zai ƙare ko injin ya ƙone. Ko a hankali aka bi da shi, ko rubu'in hanyar garinku ba zai ci ba zai faɗa teku, shi ya sa ma ake goya shi a jirgin ruwa. Kujera kuma ɗaya ce tak, ta matuƙi, ko jaka babu inda za a sa.

Ina juyawa, a tsakiyar maganar ne na gane ko wane ne mutumin da ke kwance. Kaka yana ta gyaɗa kai yadda yake yi in ana gaya masa abin da ya lalace a mota.

“Sauri ya haifi nawa ke nan,” in ji shi. Can kuma ya ce, “Na ma manta. In na yi asuba a nan, su can hantsi ya dubi ludayi. Ashe ranar ma ba ta jirana.”

Sannan ya ce in tambayi Makaniki, su waɗanda suka mutu a kan jirgin ruwan, yaya aka yi da su. Makaniki ya ce naɗe su ake yi a farin tamfol, a ɗinke, a yi musu addu'a, a zura su cikin ruwa, galibi a ranar. Ya ce akwai abokinsa a ciki, ɗan unguwar nan, uwarsa ba ta samu ko kabarin da za ta ziyarta ba.

“Likkafani ke nan,” in ji Kaka. “Ba su je gida ba, amma ba a sa su jira ba. To, an rage.”

Ya miƙa wa Makaniki hannu suka gaisa, ya dafa kafaɗata muka hau sama. Bai sake saukowa ɗakin ba, bai kuma sake ambaton mil ɗari huɗu ba. Ya koma bakin tagarsa, amma ya daina zagin direbobi. Tsiyar amarya ma ya bari, ya koma kirana da sunana, abin da ya fi komai yi mini ciwo. Na yi ta lallaɓa Hausata ina yi masa magana da ita ko zai yi dariya. Sai dai ya ce, “Allah ya yi miki albarka.”

A tsakiyar hunturun nan ya rasu, a asibiti, ana gobe dogon hutun ƙarshen shekara. Abba ya yanke shawarar a rufe shi a nan, tunda ƙasar gida ta gagara, aƙalla a cika masa ɗayan. Ita ma ba ta samu ba. Wanda zai sa hannu a sake shi ya tafi hutu. Da ya dawo, ƙanƙara ta rufe hanya, ƙasar maƙabartar kuma ta daskare sai da aka jira injin haƙa. Kaka ya yi kwanaki a cikin firjin asibiti, mutumin da ko ruwan sanyi ba ya sha. Abba ya yi ta zarya kamar zai zare, yana dawowa ya shige banɗaki ya sakar wa famfo ruwa don kada mu ji kukansa. Daga ƙarshe aka kai shi can New Jersey, wani fili a bayan babbar hanya inda aka ware wa Musulmi gefe. Makaniki ya bi su Abba cikin tsohuwar kwat ɗinsa, ya tsaya daga nesa, hularsa a hannu. Shi ma bai ga wani hunturun ba.

Yanzu komai ya yi sauri. Jirgin da kowa ke hawa ya fi wancan na yaƙin gudu nesa ba kusa ba, kuma in ka ga dama ka ga fuskar 'yan gida a waya kana kwance a gadonka. Amma zuwan ne babu. Gidan Kaka na can an raba an sayar, waɗanda suka san shi sun ƙare, 'ya'yana kuwa ko jin Hausar da nake yi ba sa yi. Da ana ce mana kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ina ɗauka gargaɗi ne. Ashe labari ne ake ba mu na abin da ya riga ya faru.

Abba ya tsufa, ya ajiye tasi, sukari ya fara taɓa masa ido. Shi bai taɓa roƙon a kai shi gida ba, ya ga yadda aka yi. Abu ɗaya ya nema a wurina, da Sallar da ta wuce, bayan baƙi sun watse.

“In ta zo, ku sa ni kusa da Baba. Ni na kawo shi ƙasar nan. Kada in bar shi shi kaɗai cikin baƙi.”

Na ce to. Bayan Sallah na tuƙa na je maƙabartar don in kama masa wurin. Na tarar layin Kaka ya cika tun tuni, dama da hagu, gaba da baya, duk mutanen wasu ƙasashe ne da ban iya ko karanta sunayensu ba. Mai kula da wurin ya ce gefen Musulmin gaba ɗaya ya ƙare, sababbi wata maƙabarta ake kai su, can gaba da nisa. Duk lokacin da na je gaishe da Abba sai ya tambaye ni ko na gama maganar wurin, ni kuma in ce masa ana nan ana yi.